Ƙofofin Camry ɗina suna kulle kansu suna buɗewa, shin ƙwaƙwalwar motar ce ta lalace?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Camry ƙirar 2004, wadda ake ce wa Big Daddy, 'yar Kwatano ce, shekara shida ke nan tana hannuna. Ƙofar baya ta dama, wato ɓangaren mai gida, da safe tana kullewa da rimot lafiya lau, amma da rana ta take sai ta ƙi, sai na miƙa hannu na danna da kaina. Ga shi kuma kwanan nan in ina tafiya a hanya mai gargada sai in ji ƙofofin suna ƙas-ƙas, su kulle su buɗe ba wanda ya taɓa su. Wani lokaci ma rimot ɗin ya ƙi aiki sam, alhali na sake masa batir. Akwai alam da aka sa mata tun sanda na saye ta. Mai wayarin ɗina ya ce ƙwaƙwalwar motar ce, sai an sake ta. Kafin in kashe kuɗin nake neman shawararka." Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Madalla da ka tsaya ka tambaya kafin ka zaro kuɗi. In na fahimce ka, abu uku ke damunka: ƙofa ɗaya da ke gajiya in rana ta yi zafi, ƙofofi huɗu da ke motsi da kansu a kan gargada, da rimot mai yin gardama jefi-jefi. Ka haɗa su wuri guda saboda duk a ƙofa suke, mai wayarin ɗinka ma ya haɗa su ya ɗora wa abu ɗaya laifi. Ni a ganina ba ciwo ɗaya ba ne. Aƙalla biyu ne, wataƙila ma uku, kuma ƙwaƙwalwar ita ce ta ƙarshe da zan zarga. Na daɗe a wannan sana'a, kuma motocin da na sake wa ƙwaƙwalwa saboda matsalar kulle ƙofa ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da waɗanda na gyara da guntuwar waya da dalma.

Yadda abin yake aiki

Sentiral lok, wato tsarin da ke kulle ƙofofi gaba ɗaya, na irin motarka hawa uku ne. Akwai masu ba da umarni: rimot, maɓallin da ke jikin ƙofar direba da ta mai zaman gaba, da ɗan suwic ɗin da ke motsawa in ka juya makulli a ƙofar direba. Akwai mai karɓar umarnin ya yanke hukunci, shi ne ƙwaƙwalwar jikin mota, wadda ke ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, tare da akwatin fis. Ka lura da kyau, ba ita ce ƙwaƙwalwar inji ba. Biyu ne daban, kuma na ga wanda aka sa ya sayi ta inji saboda ƙofa. Sai masu aiwatarwa, wato injin kulle da ke cikin kowace ƙofa. Cikinsa ɗan moto ne da bai wuce girman babban yatsa ba, da 'yan haƙoran roba da ke tura ƙarfen kullewa.

Waya biyu ce ke juya wannan moton. In ƙwaƙwalwa tana son kullewa sai ta aika wuta ta waya ɗaya, ɗayar ta zama at, wato ta koma jikin ƙarfen mota. In buɗewa take so sai ta juya su. Wutar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba take ɗaukewa. Wannan ke nan, ba wani siddabaru.

Amma ƙwaƙwalwar ba umarni kaɗai take saurare ba, tana kuma sauraren rahoto: ƙofa a buɗe take ko a rufe, makulli yana cikin ramin tayar da mota ko an zare shi, giya tana kan P ko an cire ta. Da wannan rahoton take yin abubuwan da wasu ke ɗauka lalacewa ce alhali haka kamfani ya tsara. Irin Camry ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka mai giyar otomatik tana kulle ƙofofi da zarar ka cire giya daga P. In ka buɗe da rimot ba ka taɓa ko ƙofa ɗaya ba, bayan daƙiƙa 30 za ta mayar ta kulle. In makulli na ciki, ƙofar direba a buɗe, ka danna kullewa, za ta kulle ta buɗe nan take don kada ka rufe makullinka a ciki. Danna buɗewa sau ɗaya ƙofar direba kaɗai yake buɗewa, sai ka ƙara na biyu sauran su biyo. To ka ga in rahoton ƙarya ya iso mata, hukuncin da za ta yanke zai fito a karkace, ita kuwa lafiyarta ƙalau.

Ƙofar mai gida

Da ita zan fara domin ita ce mafi sauƙi. Umarnin da ke zuwa wa wannan ƙofa shi ne ke zuwa wa ƙofar baya ta hagu da ta mai zaman gaba, layi ɗaya suke sha. Tunda waɗancan suna amsawa a daidai lokacin da ita ta ƙi, ƙwaƙwalwa ta yi nata aikin, fis ma lafiya yake. Laifin yana cikin ƙofar, ko a wayar da ta shiga cikinta.

Bayanin da ka yi na safe da rana kuwa kusan ya faɗi sunan ɓarawon. Ɗan moton nan yana da burushi biyu na kabon da ke goga a jikin tagullar da ke juyawa. Shekara ashirin ana kullewa ana buɗewa, burushin ya cinye, baƙin garinsa ya cakuɗe da giris ya dame tagullar. Sannan a cikin irin waɗannan motoci akwai wani ɗan falle da aka sa don kariya, wanda in ya ɗau zafi yake rage wutar da ke wucewa don kada moton ya ƙone. In ya tsufa, zafi kaɗan ya ishe shi. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, ƙarfen ƙofarta ba ya taɓuwa da hannu, ina ga abin da ke kulle a ciki. Da asuba moton yana da ɗan sauran ƙarfi, da azahar babu.

Kana iya tabbatarwa da kanka ba tare da ka kwance komai ba. Da sassafe ka tsaya kusa da ƙofar kana kallon ɗan maɓallinta na ciki, ka kulle ka buɗe sau bakwai ko takwas a jere. In na farko ya tafi da ƙarfi, na uku ya tafi rabi, na biyar ya ɗan girgiza kawai ya tsaya, moton ne ya gaji. In kuwa ka kara kunne ka ji yana "zirrr" da ƙarfinsa amma maɓallin bai motsa ba, haƙorin roba ya karye ko sandar ta zame daga maƙalinta. In shiru kake ji ɗungum, safe da rana, to sai a nemi waya. Ka kuma tura maɓallin da yatsa ka kwatanta shi da na ɗaya ƙofar. In ya fi tauri, ƙura ce ta hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar tabo, kuma ko sabon moto aka sa zai wahala.

A gareji, abin da nake yi shi ne in cire kwalin ƙofar na ciki, in zare soket ɗin injin kullen, in sa fitilar gwaji tsakanin wayoyin moton biyu, yaro ya danna. In fitilar ta yi walƙiya a kullewa da buɗewa, wuta tana isowa, magana ta ƙare a kan injin. Na fi son fitila a kan mita a wannan wuri, domin wutar tana wucewa da sauri kafin lambobin mita su natsu, kuma waya mai saura gashi ɗaya tana iya nuna bolt 12 a mita amma ta kasa kunna ƙwai da haske sosai.

Gyaran hanya uku ce. Za ka iya sayen injin kullen ɗungurungum na Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sai dai ka tuna shi ma sa'an naka ne a shekaru. Kada ka karɓa sai an gwada shi a batir sau goma a jere a gabanka, ka ga ƙarfinsa bai ragu ba. Za a iya kuma fasa kwanson robar a sake ɗan moton kaɗai, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma shi na fi so in an sami mai hannu mai kyau, don kwanson a like yake, sai an bi shi a hankali da wuƙa sannan a mayar a ɗaure. Ta uku ita ce a ɗaura irin injin nan na kasuwa mai kama da ƙaramar bindiga, mai waya biyu, a haɗa sandarsa da ta ƙofar. Yana aiki, amma sai an huda ƙofa, kuma in ba a daidaita sandar ba zai riƙa cijewa. Ko wacce aka bi, a wanke maƙallan a sa farin giris kaɗan. Kada a zuba baƙin mai, ƙura yake kira. Ledar nan kuma da ke manne a bayan kwalin ƙofa, wadda yara ke yagewa su yar, a mayar da ita. Ita ke tare ruwan da ke gangarowa ta jikin gilas.

Masu kulle kansu a kan gargada

Nan ne hankalina ya fi tsayawa, domin wannan ba gajiyar moto ba ce. Ƙofofi huɗu ba sa haɗa baki su motsa sai an umarce su. Tambayar ita ce wa ke ba da umarnin. Maɓallin kullewa ba wani abu yake yi ba illa ya taɓa wata siririyar waya da at. Saboda haka duk inda wannan waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka kai ne ka danna. Gargada tana girgiza waya. Ka ga inda zancen ya nufa.

Wuri na farko da nake dubawa shi ne robar nan baƙa mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota, wajen hinji. Duk wayoyin gilas, madubi, sifika da kulle ta cikinta suke bi, kuma duk buɗe ƙofa sai sun lanƙwashe. Ƙofar direba ta fi kowace buɗuwa. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka buɗe ƙofar, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka kama robar ka murza ta a hankali, ka ja ta sama da ƙasa, sannan ka riƙa kaɗa ƙofar kamar za ka rufe ka fasa. In ka ji ƙas, ka kama shi.

Akwai wata Camry irin taka da aka taɓa kawo mini bayan an sake mata ƙwaƙwalwa har sau biyu a wani gareji, ciwon yana nan. Mai ita ya gaji har ya ce a cire fis ɗin kawai ya huta. Na zame robar baya da sukundireba, na haska. Waya uku rigarsu ta tsage a wuri ɗaya kamar an sa reza, tagullar ta yi kore, ɗaya tana gogar bakin ramin ƙarfen har ta yi masa ɗan tabo mai sheƙi. Wata ta huɗu kuma rigarta lafiya a ido, amma da na ja ta da yatsa biyu sai ta miƙe kamar danƙo, alamar tagullar ciki ta rabu. Ita ce ta sa gilas ɗin baya ke yi masa wasa, abin da bai ma ambata ba. Awa biyu aikin ya ci. Abin da ya kamata a kiyaye a irin wannan gyara shi ne kada a yi haɗin a daidai inda wayar ke lanƙwasa. Dalma tana sa waya ta yi tauri, za ta sake karyewa a gefen haɗin kafin shekara. Sai a yanko sabuwar waya mai laushi mai kauri ɗaya, haɗi ɗaya ya faɗa cikin ƙofa, ɗaya cikin mota, tsakiyar ta zama lafiyayya.

Wuri na biyu shi ne alam ɗin da ka ambata, kuma da a gabana motar take, wataƙila da shi zan fara. Mai sa alam dole ya shiga cikin wayoyin kullewa da buɗewa na asali don akwatinsa ya iya ba da umarni. Da yawa ba sa like haɗin da dalma. Fere wayar suke yi, su naɗa tasu a kai, su rufe da baƙin salatif. Shekara shida a zafin ƙarƙashin dashbod, gam ɗin salatif ya narke, ya warware, haɗin ya zauna tsirara yana lilo kusa da ƙarfen sitiyari. Shi kansa akwatin alam ɗin yana da rile a ciki, wato 'yan suwic da wuta ke kunnawa, masu tsufa, kuma da yawansu an saita su su kulle ƙofa in an kunna mota su buɗe in an kashe. In wayar da ke gaya masa an kunna mota ta yi sako-sako, duk ramin da ka faɗa zai ɗauka ka kashe ka kunna, sai ya buɗe ya kulle. Wannan ya yi kama da abin da ka kwatanta ƙwarai. A sa mai wayarin ya nemo akwatin, ya raba wayoyinsa biyu na kulle da na motar, ka yi kwana uku kana bin hanyar nan mai gargada. In abin ya daina, ka san inda yake. A yi hattara dai, wasu alam ɗin an bi da wayar tayar da mota ko ta famfon mai ta cikinsu, in aka fizge soket ɗin gaba ɗaya motar ba za ta tashi ba sai an mayar da haɗin asali.

Na uku shi ne suwic ɗin makulli na ƙofar direba, da maɓallin jikin ƙofa. Ruwa ke kashe su, na damina ko na masu wankin mota da ke harba tiyo cikin ramin makulli. In ka lura abin ya fi tashi bayan wanki ko bayan ruwan sama, a zare soket ɗinsu ɗaya bayan ɗaya a gani. A duba ramukan da ke ƙasan ƙofa ma, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu, don laka tana toshe su.

Rimot

Ba ka faɗa mini ko rimot ɗin na Toyota ne ko na alam ba. In na alam ne, to gardamarsa ƙarin shaida ce a kan akwatin alam, kuma matsalarka ta biyu da ta uku sun zama ɗaya. In na asali ne, ka sani motar tana ƙin kullewa da rimot in tana jin akwai ƙofa a buɗe, kuma ba ta sauraren rimot sam in tana jin makulli na cikin ramin tayar da mota. Ranar da ya ƙi, ka duba dashbod ko fitilar ƙofa tana kunne alhali duk a rufe suke. In haka ne, ɗan suwic ɗin nan mai hular roba da ke jikin ginshiƙi, wanda ƙofa ke dannawa in ta rufu, shi ne. Noti ɗaya ke riƙe da shi. Sannan ka zare makulli ka buɗe ƙofar direba. In motar tana ƙarar tunatarwa kamar ka bar makulli a ciki, suwic ɗin ramin tayar da motar ya maƙale, yawanci saboda ƙura. Ka sa makullin ka zare sau da yawa ka ji ko ƙarar za ta ɗauke.

In duk waɗannan lafiya, a buɗe rimot ɗin. Ƙarfen da ke riƙe batir yana ɓallewa daga dalmarsa in rimot ya sha faɗuwa, kuma batirin bolt 3 da ya daɗe a rana a kan tebur ɗin mai sayarwa ba lallai ya cika ba. In ta kai ga sayen wani, ka duba lambar da ke bayan naka. Na motocin Amurka a kan megahaz 315 suke magana, na Turai 433, ba sa jin yaren juna ko da kwansonsu iri ɗaya ne.

Yaushe ne za a ce ƙwaƙwalwar ce

Tana lalacewa, ban ce ba ta yi ba. Ruwan da ke yoyo ta gefen gilas ɗin gaba in an sake shi ba a like da kyau ba yana sauka a kanta, haɗa batir a juye yana ƙona ta, rile ɗin cikinta ma yana gajiya. Amma kafin a yanke mata hukunci sai an nuna abu huɗu: batirin motar yana da ƙarfi, wajen bolt 12.6 in ta kwana a kashe, kuma kawunansa a ɗaure suke ba farin gari. Fis ɗin da aka rubuta wa DOOR a murfin akwati lafiya yake kuma yana zaune daram. Wuta da at suna isa soket ɗinta. Umarni yana shiga daidai amma ba ya fita, ko yana fita alhali an raba ta da duk masu ba da umarni. Ka tambayi mai wayarin ɗinka cikin mutunci wanne daga ciki ya auna. In ya auna duka ya nuna maka, ka yarda da shi, a sayo mai lamba iri ɗaya da taka, da sharaɗin mayarwa in ba ita ba ce.

Masu Golf 3 da Marsandi V-boot da ke karanta wannan, naku daban ne. Iska ke kulle ƙofofinku, ba moto a kowace ƙofa ba. Famfo ɗaya ne, a Golf yana cikin but, a V-boot ƙarƙashin kujerar baya, da siraran tiyo zuwa kowace ƙofa. In kun ji famfon ya daɗe yana gurnani bayan kun kulle, iska ce ke zurara, kuma sau da yawa a wannan robar ta wajen hinji tiyon yake tsagewa.

Ni dai ban ga motarka ba, da bayaninka nake aiki, kuma mota mai shekara ashirin ta bi hannaye da yawa kafin naka. Shi ya sa ban ce a yanke waya mai launi kaza ba. Launin yana bambanta tsakanin ƙirar Amurka da ta sauran kasuwanni, sai a bi zanen wayarin motar ko a auna. Duk wayar da ka gani da soket ruwan ɗorawa ta jakar iska ce, kada a kusance ta da fitilar gwaji.

Kafin a gama gyaran, duk sanda za ka fita daga motar inji na aiki, ko da minti ɗaya ne, ka sauke gilas ɗin direba. Kada ka bar yaro a ciki da makulli a jiki. In ka kulle da rimot a kasuwa ko masallaci, ka zaga ka ja hannun ƙofar mai gida ka tabbatar, a cunkoso kuma ka danna ta da hannu, tunda ka san ba ta bin sauran. Ka yi gwajin safe na dannawa takwas, ka murza robar ƙofar direba, ka duba ko rimot ɗin na Toyota ne ko na alam, sannan ka rubuto mini abin da ka gani.